Lissafi Biyu

Duk Janairu, a ofishinmu na Hague, hawa na huɗu,
sukan miƙo mini lamba daga rijiyoyin arewa
in ajiye ta ƙarƙashin ta bara.
Aikina ke nan: iskar gas nawa ta rage a cikin ƙasa.
Biliyan kaza, biliyan kaza,
ni da ban taɓa ganin ko cikin kwalba ba.
Ta bana ta gaza ta bara,
ta bara ta gaza ta bara waccan,
jadawalin na gangara kamar matakalar bene a duhu.

Wata shekara lambar ta ɗaga kai.
Masu awon duwatsu suka ce akwai saura a wani lungu,
aka yanka kek, aka yi tafi.
Ba abin da ya ƙaru a ƙasa fa,
alƙalami ne ya sake shawara.

Mahaifina, Eltjo, yana da nasa lissafin
a ƙauyenmu na Groningen, inda ƙasa ke shimfiɗe kamar faifai.
Bangon ɗakin girki ya tsage daga taga zuwa rufi.
Ranar sabuwar shekara, kafin ya kurɓi kofi,
yakan cusa kwabo a tsagar.
Da fari kwabon ya ƙi shiga.
Daga baya ya shiga. Sai biyu a haɗe.
Shekarar da muka binne Geeske, uwata,
uku suka shige har suna lilo.
Yakan rubuta da fensir a gefen tsagar:
shekara kaza, kwabo kaza.
Da aka sauya kuɗin ƙasa
ya ɓoye tsofaffin a gwangwanin shayi,
wai kada ma'auni ya koyi ƙarya.

Shi ne fa ya yi shekara talatin
yana karanta allurar matsi a rijiyar bayan gonar dankali.
Har yau yakan ba da labarin ranar da aka kunna murhun farko,
yadda Geeske ta fitar da bokitin kwal ta ajiye wa kaji,
ta wanke labule, suka zauna fari fat har sanyi ya wuce.
Ƙasa kaf ta ji ɗumi daga ƙarƙashin gadonmu.

An ce rijiya ta bayar, guga ya hana.
Namu gugan bai hana ba,
ya yi ta ja, ya yi ta ja,
har bakin rijiyar ya fara bin igiya.

Daren da ƙasa ta motsa sosai
farantai suka sauko daga kanta ɗaya bayan ɗaya,
shanun maƙwabcinmu Roelf suka kwana suna kuka,
agogon bango ya tsaya, ba a sake tayar da shi ba.
Masu duba gini suka zo da takalma masu tsabta,
suka ce tsufa ne, gida ma yana tsufa.
Suka bar mana katako huɗu tokare da bango.

Yanzu an rufe rijiyoyin.
Layinsu a jadawalina ya kwanta, ba hawa ba sauka,
abin da ya rage zai kwana a inda yake.
Shugabana ya ce aikina ya yi sauƙi.

Na je gida wannan sabuwar shekarar.
Hazo ya rufe magudanan ruwa, ba a ganin hasumiyar coci.
Ya tambaye ni, nawa ya rage?
Na faɗa masa, har da ɗigo.
Ya gyaɗa kai kamar mai jin farashin wani gari.
Sannan ya buɗe gwangwanin,
hannunsa na rawa, ya zuba mini a tafi.

Huɗu suka shiga.
Na gwada na biyar, ya tsaya a baki.
Ya ce, bar shi, na baɗi ne.
Na karɓi fensir na rubuta
ƙarƙashin rubutunsa.